Bashi da Buki: Wanne Ne Gaba?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki da rance tsakanin bayinsa, ya kuma haramta musu cin dukiyar juna da zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, babu ɗayanmu da bai taɓa tsayawa wajen jana'iza ba, ya ji sanarwar nan da aka saba yi, cewa duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya ga magada. Sau da yawa akan yi tsit. Wani yakan ce ya yafe, alhali kunyar taro ce ta sa shi faɗa, zuciyarsa kuwa ba ta yafe ba. Wani ma ba ya wurin, yana can bakin teburinsa a kasuwa tare da ɗan littafin da sunan mamacin yake ciki. To, mu da muke raye, ya kamata kowa ya tambayi kansa: a cikin watannin da na yi da haƙƙin wani a wuyana, buki nawa na halarta, anko nawa aka ɗinka a gidana, kuma jika nawa na liƙa wa maroƙa? Wannan ita ce mas'alar da muke son dubawa, wato yadda wanda ake bi bashi zai daidaita tsakanin biyan abin da ke kansa da hidimomin zaman jama'a, irin su aure da suna da gaisuwa da salla da majalisar abokai.

Da farko dai mu kawar da wata fahimta, ta cewa cin bashi abin kunya ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan tsarin bashi: a rubuta shi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu. Da abu ne mai muni a kan kansa, da ba a tsara shi haka ba. Ya kuma tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa yana jingine wajen wani Bayahude, a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Mu ma a nan ƙasarmu dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kaya ya tashi dare ɗaya, ga kuma shekarun da ma'aikatan gwamnati suka riƙa yin wata da watanni ba albashi. A wancan zamani, ɗan littafin mai kanti shi ya riƙe gidaje da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Haka aka sake gani a 2023, sa'ad da aka rufe iyakoki, abinci da magani suka yi tsada. Manomi ma da ya ari tiya goma ta hatsi a tsakiyar damina don ya biya da kaka, bai yi laifi ba. Saboda haka maganarmu ba a kan shiga bashi take ba, a kan halin mutum take bayan ya shiga.

Shari'a ta sauƙaƙa ƙofar rance, amma ta tsananta ƙwarai a kan biya. An kawo wa Annabi (S.A.W.) gawar wani mutum don ya sallace ta, da ya ji ana binsa ƴan dinarai biyu ko uku, gwargwadon ruwayoyi, sai ya ja da baya ya umurci sahabbai su sallaci ɗan uwansu, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Daga baya, da Allah ya yalwata wa Musulmi, Annabi ya riƙa ɗaukar bashin mamatan da ba su bar abin biya ba, amma bai taɓa cewa bashin ya faɗi don mai shi ya mutu ba. A cikin Sahihu Muslim an bayyana cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ku duba fa, jama'a, mutumin da ya ba da ransa saboda Allah, jininsa bai wanke masa dala ɗaya ta wani ba. Dalili kuwa shi ne haƙƙin Allah yana ƙarƙashin gafararsa, haƙƙin bawa kuwa yana jiran bawan ya karɓa ko ya yafe da daɗin rai. Shi ya sa a cikin ayoyin gado na Suratun Nisa'i aka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Har ila yau Annabi ya kira taurin bashi daga mai halin biya da sunan zalunci, kamar yadda Imamu Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito.

To amma adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da hujja mai ƙarfi. Mai gida zai ce: Malam, sada zumunci wajibi ne, amsa gayyatar walima umurni ne, karrama baƙo yana cikin imani. In ƙanwata tana aurar da ɗiya na ƙi zuwa, ko na je hannu sake, na yanke zumunci. Uwargida kuma za ta ce: ranar sunan ɗana wance ta kawo mini jika biyar da turmin atamfa, na rubuta, yau ga nata ya zo, in ban rama ba na zama abin nuni a unguwa, gobe kuma in wata lalura ta same ni wa zai leƙo ni? Wannan magana ba ta banza ba ce. A ƙasar da yawancin mutane ba su da ajiya a banki, jama'a ita ce rumbun talaka. Ranar da yaro ya kwanta likita, ko gobara ta tashi, ko damina ta ƙi, mutanen da ka tsaya wa jiya su za su tsaya maka. Ban da wannan, wanda ake bi bashi mutum ne mai rai da iyali. Akwai bashin da ake shekara uku ko biyar ana biya, irin na gina gida ko na jari. Ba zai yiwu a ce mutum ya rufe ƙofarsa shekara biyar ba, kada ya sha shayi da abokai, kada ƴaƴansa su sa sabon kaya ranar salla. Musulunci bai zo da wannan ƙunci ba.

In haka ne, ina mafita? A ganinmu tana cikin tambaya guda da ya kamata mutum ya yi kafin ya sa hannu aljihu: wannan kuɗin da zan fitar, nawa ne ko na wani? Amsar tana rataye da wa'adi. Idan wa'adin bashi bai cika ba, ko kuwa an yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan kuma kana cika rabon kowane wata, to abin da ya saura a hannunka naka ne. Ka ci, ka ciyar, ka yi kyauta daidai ƙarfinka, muddin abin da kake kashewa ba zai hana ka biya ba in ranar ta zo. Babu wanda yake da ikon zarginka don ya ga hayaƙin nama a gidanka. Amma idan wa'adi ya cika, mai haƙƙi yana nema, ga kuɗi a hannunka fiye da abin da zai ci da kai da iyalinka, to wannan rarar ta mai bin ka ce. Duk abin da ka kai wajen buki daga cikinta, da dukiyar wani ka yi bajinta, ba da izninsa ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Wannan ba ra'ayinmu kaɗai ba ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda a kanta yawancin mutanen ƙasar nan suka tashi, sun yi magana a kan wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, wato abin da ake binsa ya cinye abin da ya mallaka. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an ba masu bin sa ikon hana shi yin kyauta da dukiyarsa, tare da cewa in alƙali ya raba kayansa ga masu bashi, ana bar masa abin ci da na ciyar da waɗanda ke wuyansa da tufafin sawa. Imamul Buhari ma a babin sadaka ya bayyana cewa biyan bashi shi ya fi cancanta a gabatar a kan sadaka da ƴanta bawa da kyauta. To, in an hana mutum sadaka, wadda ibada ce mai lada, saboda haƙƙin da ke kansa, ina ga liƙi a gaban makaɗa? Wannan ma'auni ya kare ɓangarori biyu: bai bar mai bin bashi ya ƙwace tuwon bakin yara ba, bai kuma bar wanda ake bi ya yi wa kansa suna da guminsa wani ba.

Sa'an nan mu duba abin da muke kira zumunci, mu rarrabe shi da abin da ya lulluɓe shi. Kakanninmu sun ce zumunci a ƙafa yake. Zuwa ɗaurin aure, da zaman gaisuwa, da duba marar lafiya, da kama aiki ranar hidima, da addu'a, duk waɗannan ba su cin ko tamma, in ban da kuɗin mota wani lokaci. Su ne kuma shari'a ta ɗora mana. Abin da yake cinye albashi da kuɗin kaka shi ne ankon da ake sakewa kowane buki, da hayar rumfa da kujeru da makaɗa, da ninka akwatunan lefe don a fi na gidan wane, da ɗaukar hotuna don a watsa ta wayar salula. In muka faɗa wa kanmu gaskiya, tsoron bakin mutane ne yake tura mu, muna kiransa zumunci don ya yi daɗin ji. Tun zamanin mulkin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, hukuma ta yi yunƙurin taƙaita kuɗin aure, amma doka ba ta iya kama abin da zukata suke so.

Mu koma ga sunna mu ga yadda take da sauƙi. Annabi (S.A.W.) ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) da ya yi walima ko da da akuya guda. Shi kansa a walimar aurensa da Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Haibara, babu nama babu gurasa, dabino ne da man shanu da busasshen cuku aka cakuɗa aka ba mutane. Yankan suna a mazhabarmu dabba ɗaya ce ranar bakwai, mustahabbi ne, har ma malamanmu sun karhanta mai da shi walimar da ake gayyatar jama'a. Layya kuwa sunna ce ga wanda ba zai buƙaci kuɗin dabbar ba a cikin larurorin shekararsa. Amma a kowace shekara muna ganin magidanci ya ci sabon bashin rago a kan tsohon da bai biya ba, don kada maƙwabta su ga gidansa babu gashi. Ya bar wajibi ya kama sunna, sunnar ma ba a nema daga gare shi ba.

Saura maganar uwargida, cewa gudummawar buki ita ma bashi ce. Akwai gaskiya a ciki, domin malamanmu sun san kyautar da ake yi don neman sakayya, sun kuma ba ta hukunci na musamman. Wanda aka yi wa alheri ya kamata ya rama. Sai dai akwai bambanci tsakanin haƙƙin da aka ƙayyade adadinsa da ranarsa, mai shi yana tsaye yana jira, da alherin da ake ramawa gwargwadon hali. Al'adar nan ta ninki, wadda in an kawo miki jika biyar dole ki mai da goma, ita kuma gobe ta kawo ashirin, tsani ne da ba ya da ƙarshe, kuma kuɗin da aka bayar da sharaɗin su dawo da ƙari abin tsoro ne ga duk wanda ya san hukuncin riba. Ƙawa ta gaskiya, in kika je mata tun kafin ranar, kika ce ga halin da gidanmu yake ciki, ga abin da ya sauwaƙa, za ta karɓa da hannu biyu. Wadda kuwa za ta yanke ki don jika biyar, to da ma ciniki kuke yi.

Akwai kuma abin da muke mantawa: shi ma mai bin ka bashi yana cikin jama'ar da kake son kiyaye zumuncinta. Yawancin basussukanmu ba na banki ba ne. Na ɗan uwa ne, na aboki, na tela, na mai kanti, na matar da take sayar da ƙosai a ƙofar gida, na ƴan adashe. Mu ɗauki misalin tela da ya kwana uku yana ɗinka kayan salla, aka ce masa sai ƙarshen wata. Wata uku suka wuce, ga kuɗin hayar shago, ga takardar maganin matarsa a aljihu. Ranar Asabar ya bi ta wata unguwa, ya hangi mutumin nan cikin rigar da ya ɗinka masa, maroƙi yana yi masa kirari, shi kuwa yana zaro takardun kuɗi. Me kuke jin zai ɗarsu a zuciyar wannan tela? An sayi yabon maroƙi na minti biyar, an sayar da amincin shekara goma. Gobe kuma in wani mabuƙaci na gaskiya ya zo wa telan nan, zai ce ba ya ba da bashi. Ta haka mai taurin bashi guda yake rufe ƙofar rance ga unguwa baki ɗaya. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa Annabi yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Mun gani da idonmu: a ce wa yaro ya ce ba ya nan, a kashe waya, a sake hanyar masallaci don kada a haɗu. Wanda ya ƙi biya don ya tsare mutuncinsa a wajen buki, ya zubar da shi a bakin ƙofarsa.

To, ina abin yi? Na farko, mutum ya zauna ya rubuta duk abin da ake binsa, da sunan mai shi da wa'adinsa, ya sanar da iyalinsa inda takardar take, domin mutuwa ba ta sallama. Na biyu, ranar da albashi ya shigo, ko aka sayar da wake da gyaɗa da kaka, a fitar da rabon bashi tare da kuɗin abinci tun kafin kuɗin su kwana, abin da ya saura shi ne na hidimar jama'a, kuma in ya ƙare ya ƙare. Na uku, wanda ya ga ba zai iya cika wa'adi ba, ya taka da ƙafarsa tun kafin ranar, ya faɗi gaskiya, ya miƙa abin da ya samu ko da jika ɗaya ce, ya nemi a ƙara masa lokaci. In an ƙara masa da daɗin rai, ya sami sararin yin hidimarsa ba tare da zalunci ba. Na huɗu, miji da mata su san halin juna, domin sau da yawa uwargida tana neman anko ne don ba ta san abin da ke wuyan mai gida ba, shi kuwa girman kai ya hana shi faɗa. Na biyar, kada a ci sabon bashi don buki. Wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Annabi ya yi masa albishir da taimakon Allah, wanda kuwa ya karɓa da niyyar salwantarwa, ya yi masa gargaɗi da halaka.

Nauyin bai tsaya ga wanda ake bi kaɗai ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Bai dace ba ka riƙa ƙirga lomar wanda kake bi, ko ka tozarta shi cikin taro alhali ka san babu. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne a cikin kashi takwas na masu cin zakka, malamanmu kuma suka shardanta kada ya zama bashin ɓarna ne. Saboda haka mawadata su tuna da su. Mu kuma sauran jama'a, mu ne idon da ake tsoro. In ɗan uwa ya zo buki da tsohuwar riga mai tsabta, ko ya yi suna da goro da dabino da addu'a bayan sallar asuba, mu yi masa barka mu riƙe bakinmu. Da limamai da attajirai da masu unguwa za su fara sauƙaƙa nasu bukin, da talaka ya sami inuwar fakewa.

Mu rufe da labarin Zubairu ɗan Awwam (R.A.), wanda Buhari ya ruwaito. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida masa cewa babu abin da ya fi damunsa kamar bashinsa. Bashin kuwa ya taru ne domin in mutum ya kawo masa ajiya, yakan mai da ita rance a kansa don tsoron kada ta salwanta. Da aka lissafa bayan rasuwarsa, ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gado har shekara huɗu, kowace shekara yana shela a lokacin aikin hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Wannan sahabi yana cikin goma da aka yi wa albishir da Aljanna, amma a ranar da yake ganin mutuwa, haƙƙin mutane ne a bakinsa. Mu da ba a yi mana albishir da komai ba, mu yi wa kanmu wannan shela tun muna da rai, kada mu bar wa magada su yi ta a kan makara.

Allah ya biya wa duk wanda ake bi, ya wadata mu da halalinsa ga barin haraminsa, ya sa albarka a cikin zumuncinmu, ya raba mu da haƙƙin bayinsa kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.